Neman Furen Zaruru

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya raba wa itatuwa mazauni, ya ba wani rairayi, ya ba wani fadama, ya ba wani kan tsauni inda sanyi ke tsaga dutse. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku matso ku ji, ku da kuke damuna da tambayar abin da ya kai majemi ƙarshen duniya.

Ni ne Nomau ɗan Abarshi, majemi ɗan majemi, mutumin Birnin Tangarau da ke bakin Kogin Baƙin Yashi. Ban taɓa sha'awar yawo ba. Daga gida sai majema, daga majema sai masallaci, kuma duk wanda ya toshe hanci in na wuce, sai in tambaye shi da fatar wa aka yi takalminsa. Haka nake, ina da saurin fushi, kowa ya sani.

Matata Yalwa ba 'yar ƙasarmu ba ce. Ta zo tana budurwa tare da mahaifinta cikin ayarin fatake daga ƙasar Ramzau, can bayan tsaunukan arewa. Uban ya kwanta ciwo a garinmu ya cika, ayari ya koma, ita ta zauna, na aure ta. Sunan Yalwa ma mu muka sa mata, don nata na ainihi ya fi ƙarfin harshenmu. Ta haifa mini 'ya'ya, ta iya harshenmu har tana gyara mini magana, ni ma na tsinci nasu kaɗan a bakinta. Muka tsufa tare, ban taɓa jin ta ce tana kewar gida ba.

Wata rana da azahar na dawo na tarar da ita zaune bakin murhu, wuta ta mutu, tukunya ba komai.

Na ce, "Yalwa, lafiya? Yau azumi muke?"

Ta ce, "Maigida, ya tafi."

"Wa ya tafi?"

"Ƙanshin furen zaruru. Fuskar innata ce ta fara tafiya, ban gaya maka ba. Waƙoƙinmu suka bi ta. Shi kaɗai ya rage mini, duk shekara in lokacinsa ya yi sai ya zo mini a hanci, in ji ni a ƙofar gidanmu. Bana na jira, na jira, bai zo ba."

Na yi tsaki na ce, "Haba Yalwa, a kan fure za ki bar mu da yunwa?"

Tun daga ranar abinci ya fita ranta. In 'yarmu Ladidi ta dama mata kunu, sai ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Na kawo mata furen lemo, na kawo na magarya, na kawo turare iri-iri, ta sansana ta yi godiya ta tura gefe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na karɓo rubutu. Munduwarta da ba ta wuce wuyan hannu sai ga ta tana zamewa har gwiwar hannu. Ranar da na ga haka, tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce, "To siffanta mini shi, wannan itacen da zai kashe mini mata."

Ta ce ɗan itace ne, bai wuce tsayin ɗaki ba, mai cunkoson rassa. Ƙayarsa kamar basilla. Ganyensa mai yatsu, kamar tafin hannun jinjiri. In sanyi ya wuce sai ya yi fure fari fat har ba a ganin ganyen, in kaka ta yi ya yi 'ya'ya jajaye kamar murjani, kowane da ƙwallo a ciki.

Na ce, "Shi ke nan. Ki riƙa shan kunun nan ko don ni, zan kawo miki ƙanshin nan ko a ina yake." Na ɗauki gatarina da wani babban ƙirgin bijimi da na jeme da hannuna, Yalwa ta ƙulla mini daddawa a tsumma, na bar ta hannun Ladidi na kama hanyar arewa.

Na ƙetare kogi, na ratsa dazuzzuka, har na iso wani birni mai farin garu, wanda tun daga nesa iskarsa ke sa mutum lumshe ido. Birnin Hazƙila ke nan, garin masu turare. A can babu ƙanshin da ba su kamawa. Na ga yadda suke yi: su shafa tataccen kitse a faranti, su jera furanni a kai, kitsen ya shanye ƙanshin, su rufe. Na ce a raina, alhamdulillahi, ashe tafiya ta yi gajarta.

Aka kai ni wurin babbansu, wani tsoho mai laushin murya ana ce masa Mardas. Na tambaye shi zaruru. Ya ce, "Akwai, baƙo, akwai. Zauna ka huta tukuna. Kai mutumin ina ne?" Na gaya masa. Ya buɗe wani ɗan tulu ya barbaɗa wani abu a garwashi.

Wayyo Allah! Sai ga gidana. Ƙanshin ƙasar tsakar gidanmu in an yi ruwan fari, da hayaƙin karan dawa, da man da Yalwa ke shafa wa kanta. Jikina ya mutu. Aka miƙo mini taɓarya aka ce in ɗan taya su daka, na karɓa ina murmushi. A gefena akwai mutane jere, kowa da kaskonsa na hayaƙi, kowa na daka yana murmushi, wasu gemunsu ya kai cibiya. Ashe haka suke samun bayi, su turara wa baƙo garinsu, ya zauna yana tsammani ya isa gida.

Ban san iyakar zaman da na yi ba. Abin da ya cece ni, wata rana na sa hannu a jaka ina neman tsinken sakace, sai na taɓo ƙullin daddawa. Na buɗe, ta bugi hancina. Kun dai san daddawa, ba ta sallama. Nan take hayaƙin ya zama hayaƙi kawai, na tuna hannun da ya ƙulla tsumman, da munduwar da ke zamewa. Na gutsuro na cusa a hancina duka biyu, na miƙe.

Mardas ya ce, "Baƙo, ina zuwa? Ga gidanka nan."

Na ce, "Gidana da mara lafiya a ciki, naka kuwa ba kowa. Matsa mini, tsohon banza!" Suka bi ni da kasake suna fifita hayaƙi, ni kuwa ko gezau, na fice ta ƙofar arewa ina numfashi ta baki.

Daga nan na shiga wani fili na farin gishiri, ba itace, ba sawu, ba tudu. Ko'ina na duba iri ɗaya, har na rasa gabas. Ruwana ya kusa ƙarewa. Ina cikin wannan hali sai rana ta dushe, na ɗaga kai na ga tsuntsaye sun rufe sama, kowane ya kai girman rago, ƙirjinsu ja. Suka gan ni, suka yo ƙasa. Ba shiri na kwanta na lulluɓa da ƙirgina na danne bakinsa. Suka yi ta sara, ƙaf, ƙaf, ƙaf, ina ta salati. Fatar da Nomau ya jeme kuwa ba ta tsuntsu ba ce. Da suka gaji suka tashi.

Na fito na tarar sun ɓata wurin da kashi. Zan yi zagi ke nan sai na ga kashin ja ne, cike da ƙananan ƙwallaye. Na tona na wanke ɗaya da yawu. Na ce, Nomau, waɗannan daga wurin cin zaruru suke. Na duba inda suka fito, ga ɗigon kashi ya yi layi a kan farin gishiri har iyakar gani. Shi na bi. Ni dai ban taɓa jin wanda kashin tsuntsu ya yi wa jagora ba sai ni, kuma ban ji kunya ba.

Gishiri ya ƙare, ƙasa ta fara hawa, iska ta yi sanyi. Na hau, na hau, har wata safiya na yi karo da shinge. Shinge ne na ƙaya, ya fi ni tsawo, ya miƙa dama da hagu ya bi tsaunuka, ba ƙofa. Ganye mai yatsu, 'ya'ya jajaye sun yi nauyi har rassa na rusunawa. Na tsinki ɗaya na tauna, gari-gari, ɗan zaƙi kaɗan, bai kai magarya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don na ga abin da Yalwa ta gani tana yarinya. Sai dai fure ko ɗaya babu, lokacinsa ya wuce.

Na yi sallama ba a amsa ba. To ku kun san shingen ƙaya a wurinmu, busasshiyar ƙaya ce da aka saro aka jibge, mai son wucewa ya ja gefe, ya mayar. Ban taɓa tunanin akwai shinge mai rai da mutane ke ji da shi kamar 'ya'yansu ba. Na zaro gatari na sare itatuwa biyu daga tushe, na janye, na shiga.

Tirƙashi! Kafin in yi taku kaɗan mutane sun kewaye ni, maza da laujuna masu doguwar ƙota, mata na kururuwa suna dafa kututturen da na sare. Wani ya shaƙe ni. Na tattaro ɗan harshensu da na sani na yi ihu, na faɗi sunan Yalwa na ainihi, yadda bakina ya iya, da sunan mahaifinta. Wanda ya shaƙe ni ya sassauta. Wata tsohuwa mai ɗingishi ta ratso mutane da sanda, ta tsaya gabana. Da na ga goshinta da yadda take karkata kai, sai na ga kamar Yalwa ce a gabana.

Ta ce, "Sake faɗin sunan nan." Na sake. Ta ce, "Ka ɓata shi. Amma ƙanwata ce. Tana da rai?"

Na durƙusa na ce, "Da rai na bar ta, Yaya. Ni ne mijinta."

Sunanta Tamu. Ta hana a taɓa ni, amma ba ta hana hukunci ba. A ƙasar Ramzau, duk ɗan da aka haifa sai a dasa masa zaruru a shingen gari, a kira itacen da sunansa. Wanda ya sare kuwa, ba duka, ba tara, sai dai ba zai fita ba sai ya toshe kafar da ya yi, kuma shingen ya yi fure a kanta.

Na ce, "Yaya, matata ba ta cin abinci! Sai yaushe furen?"

Ta ce, "Sai sanyi ya zo ya wuce. Ai ka ce furen ka zo nema. Ko da ba ka yi sara ba, dole ka jira."

Ganye ya yi rawaya ya zube. Tsuntsaye suka cinye 'ya'yan, ya rage ƙaya tsirara. Sannan ƙanƙara ta sauko daga sama kamar audugar rimi, ta rufe duniya. Ni da ko sanyin asuba ba na so! Cikin wannan sanyi suke gyaran shinge, kuma Yaya Tamu ce ta koya mini. Ba a sare itacen a raba. Sai a sara shi kusa da ƙasa, a ci kusan duka, a bar ɗan siririn ɓawo da tsoka, a kwantar da shi a hankali kan na kusa da shi, a saƙa rassan. Haka na kwantar da na gefen kafar da na yi har suka haɗu. Ƙaya ta yi mini kaca-kaca da hannu, na zagi itacen, na zagi gatarina. Ita kuwa sai ta ce, "Zagi dai, amma sannu da hannu. In ɓawon nan ya tsinke, ka kashe shi."

Muna aiki tana tambaya. Me Yalwa ke ci? Ta yi furfura? Har yanzu tana cije leɓe in tana tunani? 'Ya'yanta nawa, wa ya yi kama da ita? In na ba ta amsa sai ta sa in maimaita. Ni kuma duk cokalin da na kai baki sai in tuna ƙwaryar kunun da ake ajiyewa. Na yi kewar Yalwa a ƙasar nan har ƙirjina na ciwo, na yi kewar faɗanta, na yi kewar yadda take gyara mini magana.

Wata rana Yaya Tamu ta kai ni bayan gidansu ta nuna mini wani zaruru kwantacce, tsoho, gansakuka ta rufe bayansa. Ta ce, "Ga na ƙanwata. Shekarar da ayari ya dawo babu ita babu baba, inna ta hana a taɓa shi, ta ce sai mai shi ta dawo. Ya yi tsawo, ƙasansa ya buɗe, awaki suna shiga. Bayan inna ta rasu na kwantar da shi da hannuna." Na duba gindin. Ɓawon da ya riƙe shi bai fi faɗin yatsu biyu ba, amma daga jikinsa sababbin rassa sun miƙe sama a jere, sun fi na kowa yawa. Na kai hannu na shafa ɓawon.

Ƙanƙara ta narke. Ganye ya tsiro kore shar, sai ga ƙananan tohon fure kamar ƙwayar gero. Sannan wata safiya na fito, subhanallahi, tsaunuka duka sun yi fari, kamar an shanya sabon alawayyo daga nan har ƙarshen gani. Na ruga wurin itacen Yalwa. Kowane fure kunne biyar farare, tsakiyarsa da 'yan ɗigo ja-ja. Na rufe ido, na cusa fuska, na ja numfashi.

Na yi baya har na kusa faɗuwa. Jama'a, ni majemi ne, na san wari. Daga nesa zuma-zuma yake, amma ka matso sai wani abu ya biyo baya, mai nauyi, mai tashin zuciya. Ƙudaje ma sun fi ƙudan zuma yawa a kansa. Na waiwaya, ga Yaya Tamu ta lumshe ido tana shaƙa, hawaye na bin kuncinta. Na haɗiye maganata.

Na yi abin da na zo yi. Na tace kitse na shafa a ƙwarya, na jera furen itacen Yalwa a kai yadda na gani a Hazƙila, na rufe na ɗaure da fata. Na shanya wasu na ƙulla. Na nemi iri, Yaya Tamu ta ce, "Ɗauka in kana so, amma ba ya farkawa sai ya kwana a ƙarƙashin ƙanƙara. A ƙasarku barci zai yi har abada." Kafar da na yi ta yi fure, aka sallame ni. Na ce ta biyo ni. Ta dubi ƙafarta ta girgiza kai. Ta raka ni har wata 'yar ƙofa da ke ɓoye cikin shingen, ta ce, "Ka ce mata nata ya fi na kowa fure." Ta juya da sauri.

Filin gishiri ya gama da ni. Kitsen ya narke ya tsiyaye, abin da ya rage ya yi hamami. Busasshen furen na buɗe na sansana, sai ƙanshin tsohuwar ciyawa. Na kewaye Hazƙila daga nesa. Na iso bakin Kogin Baƙin Yashi hannu wofi, ina ta saƙa ƙaryar da zan yi, har na yi tunanin in nemi wani turare in yayyafa wa furen.

Ladidi ce ta fara ganina, ta saki tsintsiya ta ce, "Inna, ga Baba!" Na shiga. Yalwa na kwance a inuwar zaure, ta zama kamar kara, amma idonta biyu. Na zauna kusa da ita na ajiye ƙullin. Ta buɗe ta sansana, ta daɗe, sannan ta mayar ta ɗaure. Na gaya mata Yaya Tamu na nan da rai, na ba ta saƙonta. Ta gyaɗa kai, hawaye ya gangaro, amma idonta na kan ƙullin.

Ta ce, "Ka same shi da fure?"

"Na same shi."

"Ka sansana?"

"Na sansana."

"Yaya ka ji shi?"

Na ce, "Ƙanshi, Yalwa, ƙanshi kamar na... kamar furen lemo, har ya fi."

Ta juyar da kai wajen bango ta ce, "Sannu da hanya, Maigida. Allah ya saka."

Nan raina ya ɓaci. Na sha ƙanƙara, na sha ƙaya, na bi kashin tsuntsu, a ce mini sannu da hanya kamar wanda ya dawo daga kasuwar ƙauye? Na ce, "To tunda haka ne bari ki ji! Wallahi wari yake! Wari! Farkonsa zuma, ƙarshensa kifin da ya wuni a rana, ko fatar da aka manta a ramin jima. Ƙudaje ne a kai buu! Ni Nomau sai da na kusa amai, yayarki kuwa tana tsaye tana kuka kamar an buɗe mata Aljanna. A kan wannan kika ƙi cin abinci?"

Ta juyo a hankali. Hancinta na motsi. Sai ta fara dariya, dariya har da tari, Ladidi ta rugo ta tallafe ta. Ta kama hannuna da ƙaya ta yi wa tabo ta riƙe gam.

Ta ce, "Kifi. Shi ne, wallahi shi ne. Ga shi nan ya zo. Inna takan hana mu shiga da shi ɗaki, ta ce zai kore mata baƙi. Ga ta can a bakin ƙofa, Maigida, ina ganin fuskarta."

Ta yi kuka mai isarta. Sannan ta share ido ta ce, "Ladidi, akwai sauran kunu?" Aka kawo. Ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ta ce mini, "Sake faɗa mini tun daga inda ka cusa fuska. Kada ka gyara komai."

Na sake faɗa, tana sha, har ta ga gindin ƙwarya.

Allah ya ara mini ita wasu shekaru bayan haka, sannan ya karɓi abarsa. Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyata, na faɗa muku yadda ta ce in riƙa faɗa. Wanda ya ji, ya sa Yalwa a addu'a.